Mabiyan bogi da matattun akawun a soshiyal midiya

Mabiyan bogi, ko folowas na bogi kamar yadda aka fi faɗa a baki, su ne akawun ɗin da ke cikin lissafin masu bin wani shafi a Instagram, TikTok, Facebook, YouTube ko X da aka sani da Twitter a da, alhali babu wani mutum a bayansu da ya ga shafin ya burge shi ya danna folo. Ko dai manhaja ce ta ƙirƙire su, wato bot, ko kuma wani aka biya ya zauna yana ta buɗe su. Akwai kuma 'yan uwansu da ake yawan haɗa su a kwando ɗaya duk da ba abu ɗaya ba ne, su ne matattun akawun. Su waɗannan mutum na gaske ne ya buɗe, sai ya manta faswod, ko aka sace wayar, ko aka rufe layin da ya yi rajista da shi kamar yadda ya faru da mutane da yawa a Najeriya lokacin haɗa layi da NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ko ya gaji ya daina hawa, ko ma Allah ya yi masa rasuwa. Na farko yaudara ce, na biyu kuwa ba laifin kowa, amma a idon mai kallo duk lamba ɗaya suke cikawa a saman shafi, taron tsintsiya ba shara.

Sana'ar ta daɗe, kuma ba a ɓoye take sosai ba. A 2017 har injin sayar da laik da folowas aka gani a wani babban kanti a Mosko, ka saka kuɗi kamar mai sayen lemon kwalba. A watan Yunin 2017 ɗin dai 'yan sandan Tailan suka kai samame wani gidan haya a garin Aranyaprathet kusa da iyakar Kambodiya, suka kama 'yan Chaina uku da wayoyi kusan 500 jere a kan kantoci duk an jona su da kwamfuta, ga katin sim sama da 300,000, aikinsu kawai ƙara wa kayan talla laik da yawan kallo a WeChat, manhajar sada zumunta ta Chaina. Irin wannan wuri shi ake cewa gonar dangwale, don da gaske noma ake yi, sai dai lamba ake girba.

Amma labarin da ya fi tona asirin harkar shi ne na kamfanin Devumi na jihar Florida a Amurka, wanda jaridar New York Times ta bankaɗo a watan Janairun 2018. Binciken ya nuna kamfanin yana da rumbun akawun na bogi kimanin miliyan 3.5, su ɗin dai yake ta sayarwa sau da yawa ga mutane daban-daban har jimillar folowas ɗin da ya sayar ta haura miliyan 200, kwastomominsa kuma sama da 200,000 ne, ciki har da 'yan fim, 'yan wasa, 'yan siyasa, masu wa'azi da 'yan jarida. Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne aƙalla 55,000 daga cikin akawun ɗin an kwafe su ne daga mutane na gaskiya, da suna da hoto da garin da mutum yake, har da yara waɗanda ba su balaga ba, sai a canja harafi ɗaya a sunan yadda ido ba zai kama ba. Wato kana zaune a gidanka wani kai ɗin yana can yana bin shafukan da ko a mafarki ba za ka leƙa ba. Kamfanin ya rufe a 2018, sannan a watan Oktoban 2019 hukumar FTC mai kula da cinikayya a Amurka ta cimma sulhu da mai shi, German Calas, aka yanke masa dala miliyan 2.5.

Su ma masu dandalin lokaci-lokaci sukan yi shara, kuma a nan ne ake ganin abin dariya. A Disambar 2014 da Instagram ta share na bogi, Justin Bieber ya wayi gari ba folowas kimanin miliyan 3.5, shafin Instagram ɗin kansa kuwa kusan miliyan 19 ya rasa. A Yulin 2018 Twitter ta cire akawun ɗin da ta kulle daga lissafin mabiya, Barack Obama da Katy Perry kowanne ya yi asarar sama da miliyan 2, shafin Twitter na kansa ya zubar da sama da miliyan 7. To a nan ne mutane ke kuskure, da sun ga wani ya rasa folowas sai su ce ai dama saye ya yi. Ba lallai ba ne fa. Bot da kansa yake bin manyan shafuka don ya yi kama da mutum, duk wanda ya yi suna za su taru masa kamar ƙuda ko bai kashe ko kwabo ba, kuma har akwai masu saya wa abokin adawa na bogi da gangan don a zo a kunyata shi daga baya.

Ko nawa ne adadinsu gaba ɗaya, wannan rigima ce mai zaman kanta. Facebook ta ce ta goge akawun na bogi biliyan 2.2 a wata ukun farko na 2019 kaɗai, mafi yawa tun suna 'yan mintoci da buɗewa, ta kuma kiyasta kusan kashi 5 cikin 100 na masu hawa duk wata na bogi ne. Wani bincike na jami'ar Indiana da jami'ar Southern California a 2017 ya kiyasta tsakanin kashi 9 zuwa 15 na akawun ɗin Twitter masu aiki bot ne. Ita Twitter ta daɗe tana cewa ba su kai kashi 5 ba cikin masu hawa kullum da ake iya nuna wa talla, kuma a kan wannan lambar ce Elon Musk ya nemi ya janye daga cinikin sayen Twitter a kan dala biliyan 44 a 2022, aka kai ga kotu, ƙarshe dai ya saya a watan Oktoba.

Gane su ba ya buƙatar wani dogon ilimi. A ce mai sayar da atamfa da turaren wuta tana da folowas 80,000 amma in ta ɗora kaya laik 40 take samu, kwament ɗin ma duk alamar wuta ce da zuciya babu mai tambayar nawa ne, ka shiga jerin masu binta ka tarar da sunaye masu jelar lambobi, ba hoto, ba fostin ko ɗaya, kowanne yana bin mutum dubu biyar shi kuma mutum uku ke binsa, da yawa ma daga ƙasashen da ba su taɓa jin sunan atamfa ba. Kuma kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu, don manhajar tana lura da yadda masu binka ke taɓa abin da ka ɗora, in ta ga shiru sai ta rage yaɗa shi, har kwastomomin gaskiyar ma su daina gani. Haka wanda ya tara jama'a da rabon kati ko da ka bi ni in bi ka, mutanen na gaske ne amma da an gama rabo sun koma matattu a wajensa. Manyan masu talla sun farga, Unilever ta sanar a 2018 ba za ta ƙara aiki da masu sayen folowas ba, a Amurka kuma dokar FTC da ta fara aiki a Oktoban 2024 ta haramta saye da sayar da su don kasuwanci, tarar na iya haura dala 50,000 a kan kowane laifi.

Matattun akawun su suka fi wuyar sha'ani. A Nuwambar 2019 Twitter ta ce za ta goge duk wanda ya yi wata shida bai hau ba, ai kuwa mutane suka yi caa, wasu na cewa shafin mahaifinsu da ya rasu shi ne abin da ya rage musu suke komawa suna karantawa, cikin kwana ɗaya ko biyu kamfanin ya ba da haƙuri ya dakatar. A Mayun 2023 Musk ya sake tayar da maganar, ya ce za a share waɗanda suka yi shekaru ba motsi kuma kowa ya sa ran folowas ɗinsa za su ragu, da aka sake yi masa ƙorafin mamatan sai ya ce za a adana su a rumbu.