Yadda za ka sa Excel ya shafa wa layin wanda ya faɗi jan launi da kansa

Ƙarshen zango ne, malami yana da ɗalibai 59 a Excel: suna a ginshiƙin A, makin gwaji a B, na jarrabawa a C, jimilla a D. So yake duk wanda bai kai 40 ba layinsa ya yi ja, ba tare da ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Aikin Conditional Formatting ke nan.

Sai na yi wa kowane akwati tasa ƙa'idar?

A'a, guda ɗaya ta isa. Ja linzami daga A2 zuwa D60, ka shiga Home, Conditional Formatting, New Rule, ka ɗauki zaɓin ƙarshe, wato na amfani da fomula. Rubuta =$D2<40, ka danna Format, ka zaɓi ja a ƙarƙashin Fill. A Google Sheets kuwa, cikin Format yake, sai ka nemi "Custom formula is".

D2 kaɗai na rubuta, ya aka yi abin ya kai layi na 60?

Nan ne gizo ke saƙa. Fomular da ka rubuta ta akwatin farko ce, A2. Excel ne ke ɗaukarta yana zagayawa da ita, duk inda ya matsa sai adireshin ya matsa tare da shi. A layi na 3 ya duba D3, a na 4 ya duba D4. Alamar dala ita ce turke: abin da ta tsaya a gabansa ba ya motsi. A $D2 an ɗaure harafin, an saki lambar.

Gwada cire dalar ka sha kallo. A2 zai duba D2 daidai, amma B2 zai matsa zuwa E2, inda babu komai. Akwatin da ba komai a cikinsa sifiri Excel ke ɗaukarsa, sifiri kuma bai kai 40 ba, don haka B, C da D na kowa za su yi jawur, har da na ɗan ajin da ya zo na ɗaya. In kuma ka ɗaure duka biyun, $D$2, makin ɗalibin farko ne zai yanke wa ajin hukunci. Maɓallin F4 yana juya maka dalar, ba sai ka buga ta da hannu ba.

Akwai wani kuskuren da na fi tsoro, don ba ya nuna kansa. Mutum ya haɗa da layin kanun bayani, ya zaɓa tun daga A1, amma ya rubuta $D2. Launin sai ya hau sama da layi ɗaya: wanda ya faɗi ya tsira, na samansa ya sha ja.

Layukan da ban cike ba tukuna ma sun yi ja.

Maganar sifirin nan ce dai. Sauya fomular zuwa =AND($D2<>"",$D2<40).

Ga mai maki 35 ƙiri-ƙiri, amma launi bai hau ba.

Galibi 35 ɗin rubutu ce, ba lamba ba, musamman in an kwafo ta daga wani wuri. Za ka gan ta manne a hagun akwatin, da ɗan koren tabo a kusurwa. A wajen Excel kowane rubutu ya fi kowace lamba girma. Danna alamar gargaɗin ka zaɓi Convert to Number.

Yaya zan kai ƙa'idar ga sababbin ɗalibai ko wani aji?

In wani shafi ne, burushin Format Painter ya wadatar, sai dai ka sani yana kwashe har girman rubutu da iyakokin akwati. In ƙarin layuka ne, shiga Manage Rules ka gyara wurin "Applies to", 60 ta koma 80. Ni wannan na fi so. Yawan yanka da mannawa kan farfasa ƙa'ida ɗaya ta zama goma, kowace da ɗan yankinta. Excel na kafin 2007 sharaɗi uku kawai yake yarda da su a akwati. Yanzu da aka cire wannan iyaka, shara takan taru ba a sani ba. In ƙa'idoji biyu suka yi karo kan launi ɗin akwati, ta sama a jerin ita ke cin nasara.

Nawa Excel ɗin na Faransanci ne, fomular ta ƙi shiga.

Haka ake yawan samu a Zinder da Maraɗi. Sunan abin a can Mise en forme conditionnelle, AND ya zama ET, kuma a madadin waƙafi ana sa waƙafi mai ɗigo: =ET($D2<>"";$D2<40). Dalar tana nan yadda take.