Shaidar kai kan jituwar lantarki da maganaɗisu

Shaidar kai tsari ne da mai ƙera na'urar lantarki ke bi ya tabbatar a rubuce cewa kayansa sun cika ƙa'idojin ƙasar da zai kai su, ba tare da wata hukuma ta gwada su tukuna ba. A fannin jituwar lantarki da maganaɗisu abu biyu ake dubawa: kada na'ura ta fitar da hayaniyar da za ta dagula aikin wasu, sannan ta jure wadda ke zo mata daga waje. Shuuu ɗin da rediyo ke yi idan an jona cajar salula mai araha kusa da shi, shi ne irin wannan hayaniya.

Tarayyar Turai ta kafa dokarta ta farko a kan batun a 1989, ta zama tilas ranar 1 ga Janairu 1996. Wadda ake aiki da ita yanzu ita ce 2014/30/EU, tun 20 ga Afrilu 2016. Mai ƙira zai auna na'urarsa, ya haɗa kundin fasaha mai ɗauke da zane da sakamakon gwaji, ya sa hannu a takardar shaida, sannan ya manna tambarin CE, alamar cewa kayan sun cika ƙa'idojin Tarayyar, wanda tsayinsa ba zai gaza milimita 5 ba. Zai adana takardun shekara 10 bayan kaya sun shiga kasuwa.

A nan ne mutane da dama ke ruɗewa. A Babbar Kasuwar Yamai ko a Katako ana nuna wa mai saye CE a jikin batir ko kwan fitila kamar hatimin gwamnatin Turawa ne. Alhali galibi bakin mai ƙira ne kawai. Ƙarfin tambarin yana ga abin da ke biyo baya: hukumomin sa ido na iya neman kundin, su gwada kayan, su janye su daga kasuwa, a kuma ci tara. Tun Yuli 2021 sai an sami wani mazaunin Tarayyar, mai shigo da kayan ko wakili, da za a ɗora wa alhakin kayan.

Gwajin kansa ya fi takardun wuya da tsada. Ana yinsa a ɗaki mai bangon ƙarfe da aka lulluɓe da abin da ke shanye igiyoyin rediyo, a kafa eriya a nisan mita 3 ko 10. Hayaniyar da ke bin waya ana auna ta daga kilohaz 150 zuwa megahaz 30, wadda ke bin iska kuwa daga megahaz 30 zuwa sama. Iyakokin hayaniyar da aka yarda na'ura ta fitar sun samo asali daga CISPR, kwamitin ƙasa da ƙasa kan katsalandan ga rediyo da aka kafa a 1934, kuma na kayan gida sun fi na masana'antu tsanani. A gwajin juriya har tartsatsi ake harba wa na'ura, irin wanda ke fita daga yatsa lokacin hunturu in an taɓa ƙarfe; ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta wannan gwaji ita ce IEC 61000-4-2.

Amurka ta ɗan bambanta. Hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta fi kula da abin da na'ura ke fitarwa, kuma tsarin shaidar kai da ta sabunta a 2017 ya ce mai ɗaukar alhakin ya kasance a cikin ƙasar. Na'urar da ke watsa sigina da gangan, kamar mai Wi-Fi, sai an kai ta wurin masu tantancewa da hukumar ta amince da su.

Nijar ta fi shigo da irin waɗannan kaya fiye da fitar da su. Amma injiniyan da ke harhaɗa na'urar daidaita wutar sola a Yamai, in yana son sayarwa a Faransa, dokar Turai ce za ta hau kansa, kuma sauya waya ko akwatin na'urar bayan gwaji na iya rushe sakamakon. A cikin gida kuwa, kayan sadarwa sai da amincewar ARCEP, hukumar da ke kula da harkokin sadarwa, ko da suna ɗauke da CE.