Dushewar Muryar da Ke Tasowa Daga Ciki, da Abin da Za a Gyara a Kwanon Abinci

Akwai wata irin dushewar murya da ba ta jin maganin mura. Mutum zai tashi da asuba muryarsa a shaƙe, sai ya yi ta gyaran murya kafin magana ta fita. Yana jin wani abu ya tokare masa maƙogwaro, ya haɗiyi yawu bai wuce ba, ya yi kaki bai fito ba. Zuwa hantsi ta ɗan saki, washegari ta dawo. Ya sha maganin tari, ya sha ƙwayoyi kala-kala daga kemis, ya ƙaurace wa ruwan sanyi. Wannan ya ce iska ce, wancan ya ce sanyi ne, wani ma ya ce hannu aka sa masa. Masu zuwa mana da wannan kuka galibi mutane ne da murya ce jarinsu: malaman makaranta, limamai da ladanai, alarammomi, masu wa'azi, mawaƙa, 'yan kamasho a tasha, malamai mata na Islamiyya. Da dama daga cikinsu ciwon ba daga ƙirji ko hanci yake ba. Daga ciki yake tasowa.

Ciki yana fitar da wani ruwa mai tsananin tsami, asid, tare da wani sinadari mai suna pepsin da ke narkar da nama da wake da makamantansu. Shi cikin Allah ya yi masa rufin da ke jure wannan ruwa. A inda hanyar abinci ta haɗu da ciki akwai zoben tsoka da ke buɗewa loma ta wuce, ya sake tsukewa, akwai wani kuma a sama daf da maƙogwaro. In na ƙasan ya saki, ruwan ya taso ya ƙona ƙirji, shi ne ƙwarnafin da kowa ya sani. In kuwa ya haura har ya wuce na saman, sai ya taɓa wurin da murya ke fita, bayan zakaran wuya, inda wasu siraran tsokoki biyu ke kaɗawa su ba da sauti. Na namiji suna kaɗawa sama da sau 100 a daƙiƙa guda, na mace wajen sau 200. Fatar wurin ba ta da irin kariyar ciki, ɗan kaɗan ya isa ya kumbura ta. Da sun kumbura ba sa haɗuwa daidai, sai murya ta yi kauri, ta gaji da wuri, ko ta yanke wa mutum yana tsakiyar aya.

Abin da ke ɓatar da mutane shi ne, da yawa daga masu wannan lalura ba sa jin ƙwarnafi ko kaɗan. Ka ce wa mutum cikinsa ne, ya ce maka, "Likita, ni fa cikina lafiya lau." Dakta Jamie Koufman, likitar kunne, hanci da maƙogwaro a Amurka, wadda ta wallafa babban bincikenta kan lalurar a 1991, tana cikin waɗanda suka fito da wani bayani da nake so kowa ya riƙe. Pepsin ɗin da ya taso ba ya komawa duka. Yana mannewa a fatar maƙogwaro ya kwanta, kuma duk lokacin da tsami ya taɓa shi sai ya farka ya ci gaba da cin wurin. Tsamin nan ba lallai daga ciki ya taso ba, wanda ka sha da bakinka ma yana tayar da shi.

To, mu kuwa Hausawa muna son tsami. Zoɓo, kunun tsamiya, koko mai tsami, miyar yakuwa, tsamiyar biri, nonon da ya kwana ya yi tsami, lemun zaƙi, abarba, ɗanyen mangwaro. Sai tumatirin gwangwani da ke cikin kusan kowace jar miya. Mafi muni a cikinsu duka lemun kwalba ne: ga tsami mai ƙarfi da zaƙi ya lulluɓe, ga iskar da ke kumbura ciki ta sa gyatsa, ita kuma gyatsa ita ke ɗauko ruwan cikin ta kai shi sama. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne haɗin da ake ba mai dushewar murya da kyakkyawar niyya, lemun tsami da zuma a ruwan ɗumi. Ga mai mura yana iya sanyaya masa rai. Ga mai wannan lalura kuwa, lemun tsamin ƙara hura wutar yake yi. A sha zumar a ruwan ɗumi, a bar lemun tsamin, mai ciwon suga kuma ya yi hattara da zumar ma.

Maiƙo nasa aikin daban ne. Yana daɗewa a ciki bai sauka ba, kuma yana sassauta zoben nan na ƙasa. Ƙosai, fanke, awara, wainar da ta sha mai, soyayyen dankali, tsire da balangu mai kitse, ganda, man shanu a kan tuwo, miyar da manja ko man gyaɗa ke yawo a samanta. Yaji da attaruhu da ɗanyar albasa su kuma suna ƙona wurin da ya riga ya ji rauni. Kofi, shayi mai kauri, cakulan da lemun ƙara kuzari duk suna cikin abin da ke tayar wa mutane da dama, goro ma yana ɗauke da sinadarin da ke cikin kofi. Na'ana'a da alewar nan mai sanyaya maƙogwaro da malamai ke yawo da ita a aljihu suna ba da sanyin minti biyu, amma ba sa warkar da komai, na'ana'a ma tana sassauta zoben. Sigari da shisha da barasa kuwa ba maganar ragewa ake yi ba, bari ake yi.

Amma in aka ce in zaɓi gyara ɗaya tak, ba nau'in abincin zan fara taɓawa ba, lokacin cinsa zan taɓa. Dubi yadda daren yawancin mazanmu yake. An yi isha'i, an zauna majalisa, ƙarfe goma ta gota aka nufi teburin mai shayi. Indomie biyu da ƙwai uku an soya da mai da attaruhu, burodi rabi an shafa bota, shayi kofi guda an zuba madara har ya yi kauri. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi mutum yana kan katifa. Wani kuma tuwon dare ne ya makara, ya ci malmala biyu ya bi da fura, ya miƙe. Ciki a wannan hali kamar salka ce da aka cika taf aka kwantar, bakinta kuma bai ɗauru sosai ba. Ana barci haɗiyar yawu tana raguwa, babu abin da zai wanke abin da ya taso, sai ya jima yana jiƙa maƙogwaro. Shi ya sa muryar ta fi lalacewa da asuba, daidai lokacin da ladan da liman suka fi buƙatarta.

A bar aƙalla awa uku tsakanin loma ta ƙarshe da kwanciya. Mai kwanciya ƙarfe goma ya gama cin abinci ƙarfe bakwai, wato da an idar da magariba. Na san a gidaje da yawa wannan ba ƙaramin sauyi ba ne, don sai uwargida ta ɗora tukunya da wuri, maigida kuma ya daina ajiye tuwonsa sai ya dawo daga hira. Ku zauna ku yi maganar tare. A mayar da babban ci rana, na dare ya zama marar nauyi, kuma gara a ci kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar da a cika ciki sau biyu. A ɗaga kan gado da bulo ko katako kamar santimita 15 zuwa 20. Tara filo ba ya maye gurbin wannan, don lanƙwasa mutum yake yi ya matse ciki. Mai shimfiɗa a ƙasa ya sa wani abu ƙarƙashin katifar daga kafaɗa zuwa kai ta yi gangare. Kwanciya a ɓangaren hagu tana rage tasowar ruwan, don haka wanda ya fara kwanciya a ɓangaren dama kamar yadda aka saba, yana iya juyawa daga baya. A sassauta zariya da bel bayan cin abinci. Mai teɓa in ya rage ko da kilo kaɗan ne zai ji bambanci.

Watan azumi yana da nasa, domin shi ne lokacin da masu tafsiri da masu jan baƙi da limaman tarawihi ke aiki da murya fiye da kullum, kuma shi ne lokacin da kwanon buɗa-baki ke haɗa kunun tsamiya, zoɓo mai ƙanƙara, ƙosai da soyayyen dankali da ƙwai a zama ɗaya. Daga nan a tashi a yi ta ruku'u da sujada da cikakken ciki. A buɗe baki da dabino da ruwa, a yi magariba, a ci abu marar nauyi, a raba sauran. A sha ruwa a hankali tsakanin magariba da sahur. Bayan sahur kuma kada a koma a miƙe da an sallame asuba. A zauna a yi karatu, in barcin ya zama dole a jingina a kishingiɗe.

Kada wani ya ce to me ya rage a ci. Abinci na nan da yawa, kuma namu ne na gida. Tuwon masara, dawa, shinkafa ko acca da miyar kuka, kuɓewa, karkashi, zogale, alayyafo ko taushe mai kabewa, a rage mai da yaji da tumatir, daddawa ta ba da ɗanɗano. Dafaffiyar doya da dankali, fate, dafaffen wake, alala mai ɗan mai, dafaffen ƙwai, gasasshen kifi, kaza ba fata. Kunun gero ko na alkama wanda ba a sa tsamiya ba. Ayaba, kankana, gwanda, kokwamba, karas. Ruwa kuwa a riƙa kurɓa duk yini, musamman da hunturu, lokacin da ƙura da bushewar iska ke ƙara wa maƙogwaro wahala.

A 2017 Dakta Craig Zalvan da abokan aikinsa a jihar New York sun wallafa nazarin da suka yi kan bayanan majinyatansu. Mutum 85 an ba su maganin rage asid, 99 kuma an ɗora su kan abincin da kusan dukkansa ganye ne da hatsi da wake da 'ya'yan itatuwa, tare da ruwan sha mai kashe tsami. Wajen kashi 54 cikin 100 na masu shan magani sun sami sauƙi bayyananne, a masu gyaran abinci kuwa wajen kashi 63. Wannan ba hujjar jefar da maganin da likita ya rubuta ba ce, amma ya nuna cewa gyaran abinci ba kwalliya ba ce a gefen magani. Sai dai kada wani ya ji zancen ruwa mai kashe tsami ya ce ai ga kanwa. Jiƙa kanwa a sha yana kwantar da ƙwarnafi na ɗan lokaci, amma tana cike da sinadarin da ke cikin gishiri, tana tayar da hawan jini, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Madara ma sanyin ɗan lokaci take bayarwa, daga baya ciki ya ƙara fitar da asid.

Jikin kowa daban ne. Shawarar da muke bayarwa ita ce a tsananta na mako biyu zuwa huɗu, a bar duk abubuwan nan, sannan a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya, ana lura da yadda murya ta kwana. Wani zai ga shayi marar kauri da safe ba ya damunsa amma zoɓo na tayar masa, wani akasin haka. A yi haƙuri kuma, don maƙogwaro ba ya warkewa da sauri, yakan ɗauki wata biyu zuwa uku. A wannan tsakanin a rage gyaran murya da ƙarfi, in abin ya taso a kurɓi ruwa a haɗiye. Raɗa ma tana gajiyar da murya, gara a yi magana a hankali ko a yi shiru. Mai koyar da aji babba ko mai wa'azi ya nemi lasifika. Wanda aka rubuta wa omeprazole, maganin rage asid, ya sha shi kamar minti 30 kafin karin kumallo. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen, diclofenac da aspirin suna ƙara wa ciki rauni, a tambayi likita kafin a ci gaba da su, wanda kuma likita ya ɗora kan aspirin saboda zuciya kada ya daina da kansa.

Ba kowace dushewar murya ce daga ciki take ba, kuma a nan ne nake roƙon kada a yi sakaci. Muryar da ta dushe ta wuce mako uku zuwa huɗu sai an leƙa maƙogwaron da na'ura, ko da mutum ya fara gyara abincinsa, balle mai shan sigari ko wanda ya haura shekara 45. In akwai wahalar haɗiya, rama ba dalili, jini a kaki ko amai, baƙin bayan gida, ƙullutu a wuya ko sarƙewar numfashi, ba a jira ko mako guda. Tarin da ya wuce mako biyu kuma a yi gwajin tarin fuka, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da ke kula da cutar a Najeriya. Akwai likitocin kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Wanda ke nesa da su ya fara da asibiti mafi kusa, ya nemi takardar tura shi gaba.