Bajo da aninan rundunar WAFF

Bajo da aninan WAFF su ne lambobin hula da maɓallan ƙarfe na sojojin Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma, wadda Lugard ya fara haɗawa a 1897 da umarnin gwamnatin Ingila. Har yau akan tsince su a tsofaffin adakoki na gidajen 'yan mazan jiya, tare da lambobin yabo da takardar sallama. Masu tara kayan tarihi suna gane shekarunsu ta rubutu da kambi da irin ƙarfen.

Tarihi

Rundunar ta ƙunshi sojojin Nijeriya da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da Saliyo da Gambiya. A 1914 aka haɗe rajimantin Arewa da ta Kudu suka zama rajimanti guda ta Nijeriya, kuma Hausa ce harshen bariki a cikinta shekaru da yawa. Kayan faretinsu kaki ne da jar dara da jar falmaran mai bakin rawaya da jar ɗamara. Alamar rundunar bishiyar kwakwar manja ce a kan ɗan tudu, haruffan sunan suna ƙarƙashinta.

Haruffan nan su ne madubin farko. A 1928 Sarki George na Biyar ya ba rundunar laƙabin sarauta, aka ƙara R a gaba, wato Royal. Bajon da ke ɗauke da W.A.F.F. kaɗai na kafin lokacin ne, mai R.W.A.F.F. kuwa daga 1928 zuwa 1960, shekarar da rundunar ta watse. Sai dai ba a rana ɗaya aka zubar da tsohon kaya ba, don haka ana iya samun na farkon a jikin soja bayan canjin.

A yaƙin Bama, alamomin yadi da aka ɗinka a hannun riga sun fi na ƙarfe ba da labari. Dibishin ta 81, wato babban rukunin sojojin Afirka ta Yamma, baƙin gizo-gizo ta ɗauka a kan rawaya, Ananse na tatsuniyoyin Asante mutanen Gwalkwas, takwaran Gizo na Hausawa. Ta 82 kuwa mashi biyu ne a gicciye a kan gammo, alamar 'yan dako masu ɗaukar kayan yaƙi a ka.

Kambi da bayan anini

Inda akwai kambin sarautar Ingila, aikin gane shekaru ya yi sauƙi. Na Sarauniya Victoria ya tsaya wajen 1901. Mai zagayayyen kai da ake kira na sarki ya yi aiki daga wajen 1902 zuwa 1953. Na Elizabeth mai lotsawa a tsakiya ya biyo baya.

Wanda ya san abin, bayan anini yake fara juyawa. A nan maƙera suke buga sunansu, irin su Firmin na Landan da Gaunt na Birmingham, kuma yadda aka rubuta sunan da adireshin ya sha canzawa, abin da ke taƙaita shekarun. Tagulla mai nauyi wadda gogewar yau da gobe ta cinye ganyen kwakwar har ya yi sumul alama ce ta dogon aiki. Alminiyam mara nauyi da ba ya buƙatar gogewa sai wajen shekarun 1950 ya shigo.

Na jabu

An sake buga bajo da yawa don sayarwa. Wanda aka zuba a yashi bayansa kan yi kaushi, amma masana sun saɓa a kansa, domin wasu na gaske ma haka aka ƙera su lokacin yaƙi.