Magungunan cikin hanci na kumburin sainos mai tsiro

Magungunan cikin hanci su ne waɗanda ake fesawa, ko a ɗiga, ko a wanke hanci da su, domin maganin daɗaɗɗen kumburin sainos, wato ramukan iska da ke cikin ƙasusuwan fuska. Likitoci suna kiran kumburin daɗaɗɗe idan ya kai mako 12 bai warke ba. A wasu mutane yakan zo da tsiro mai taushi, kamar ɓararren inabi, galibi a ƙofofin hanci biyu. Tsiron ba ciwon daji ba ne kuma ba ya zafi, amma yana toshe hanci, ya kawo majina, ya ɗauke jin ƙamshi.

Ginshiƙin maganin shi ne feshin sitiroyid, irin su mometasone, fluticasone da budesonide. Yana kwantar da kumburi, tsiron ya motse a hankali. Sai an yi makonni ana fesawa kullum kafin a ga sauƙi, kuma a nan ne da yawa ke karaya, su jefar da kwalbar bayan kwana uku. Abin da ke shiga jini daga mometasone bai kai kashi 1 cikin 100 ba, shi ya sa ake iya daɗewa a kansa.

Yadda ake fesawa ma rabin maganin ne. Mutum ya face hanci tukuna, ya ɗan sunkuyar da kai, ya riƙe kwalbar da hannun dama idan hancin hagu zai fesa, bakinta na kallon wajen kunne. Idan aka saita ta kan bangon tsakiyar hanci, haɓo ke biyo baya, balle a hunturu da hanci ke bushewa. Kada a zuƙa da ƙarfi: maganin sai ya gangara maƙogwaro, a ji ɗacinsa a banza.

Wanke hanci da ruwan gishiri yana fitar da majina, ya buɗe wa feshin hanya. Akan yi amfani da gora mai cin mililita 240, a matsa ruwa ta ƙofa ɗaya ya fito ta ɗayar. Wanda ya saba shaƙa ruwa a alwala ba zai sha wuya ba. Dole ruwan ya zama dafaffe da ya huce. Bayan tiyatar cire tsiron, wasu likitoci kan zuba budesonide cikin ruwan, don ya kai lungunan da feshi ba ya kaiwa.

A 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Xhance, na'urar da mutum ke hurawa da baki ta tura fluticasone can cikin hanci, da Sinuva, wani ɗan abu da likita ke dasawa yana sakin mometasone har kwana 90. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta na sakawa a hanci kuwa ba su nuna wani amfani a zo a gani ba.

Xylometazoline, irin Otrivin da ake saye a kemis, yana buɗe hanci nan take amma ba ya taɓa tsiron, kuma idan aka wuce 'yan kwanaki ana sa shi, toshewar kan dawo fiye da da. Tsiron da ya fito a ƙofa ɗaya kaɗai, musamman mai jini, sai likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya duba shi kafin a fara kowane feshi.