Sufacajar lantarki a ƙaramin injin babur

Sufacaja na'ura ce da ke matse iska ta cusa ta cikin silinda, domin inji ya ƙona mai fiye da wanda zai iya ƙonawa idan da kansa yake zuƙar iskar. Injin fetur yana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska a kan kowane giram guda na mai, saboda haka yawan iskar da ta shiga shi ne iyakar ƙarfin da zai fitar. Sufacajar da aka saba da ita daga jikin injin take samun juyi ta hanyar bel ko giya, turbo kuma hayaƙin salansa ne ke juya ta, amma ta lantarki da batir take aiki.

Dabarar ta daɗe. 'Yan'uwan nan biyu, Philander da Francis Roots na jihar Indiana ta Amurka, sun yi wa injinsu na hura iska rajista a 1860. A kan babur mai sufacaja na kamfanin BMW Georg Meier ya ci gasar tseren babura ta Senior TT a tsibirin Man a 1939, kafin hukumar tseren babura ta duniya ta haramta na'urar a 1946. Kawasaki ya dawo da ita kan titi a 2015 da Ninja H2.

Inda masu haɗa ta a gida suka fi yin tuntuɓe shi ne bambancin hura iska da matse ta. Fankar kwamfuta ko ta busar da gashi tana kaɗa iska sosai a fili, amma da zarar an toshe bakinta da tafin hannu sai a ji babu wani matsi na kirki, wani lokaci ma idan an ɗaura ta a bututun iska sai ta zame wa injin shinge. Injin 125cc mai bugu huɗu da ke juyi 8,000 a minti yana zuƙar kusan lita 500 na iska a minti guda. Kafin a ɗaga matsin wannan iska da bar 0.3 kacal (bar ma'aunin matsi ne), idan aka haɗa da asarar da ake yi a farfelar da ke matse iskar da kuma waya, ana buƙatar wat 500 zuwa 600, wato kimanin amfiya 50 a kan bolt 12. Koyil ɗin ƙaramin babur ba ya ba da ko kusa da haka, don an yi shi ne domin fitila da filogi da cajin ɗan batirinsa. Ko Audi, da ya saka irin wannan na'ura a motar SQ7 a 2016, sai da ya ware mata layin wuta na bolt 48.

Don haka masu yin aikin da gaske sukan ciro ɓangaren matse iska na ƙaramar turbo, su haɗa shi da injin lantarki marar burushi mai juyin gomman dubbai a minti, sannan su ware masa batirin litiyam, kuma na ɗan lokaci kawai ake kunna shi. Daidaita farfelar ba abin wasa ba ne, domin a wannan gudun ɗan karkata kaɗan ya isa ya cinye boris ko ya tarwatsa ta.

Sai kuma batun mai, wanda a ganina ya fi komai hatsari. Idan aka cusa iska ta bakin kafireta ba tare da an kai wannan matsi cikin kwanon man kafiretar ba, sai mai ya daina hawa ta jet, wato 'yar ƙofar da mai ke bi ya haɗu da iska, yadda ya kamata. Iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, zafi ya tashi, a fara jin ƙaf-ƙaf a kan silinda, filogi ya fito fari fat, kuma idan aka ci gaba da murza totur kan fistin yakan huje. Injin da iska kaɗai ke sanyaya shi ya fi saurin kaiwa wannan matsayi. Shi ya sa ake faɗaɗa jet, a ja lokacin tartsatsin filogi baya kaɗan, a kuma saka fiyus a wayar batirin, tunda amfiya 50 ta isa ta narkar da siririyar waya a ƙarƙashin tankin fetur.