Man shanu ya yi wuya a Gusau, amma ba shanu ne suka ƙare ba

Da an ji kuɗin kwalbar man shanu a kasuwar Gusau sai a ce ai shanu sun ƙare a ƙasa. Ba haka ba ne. Ƙiyasin Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna shanun Najeriya sun kai kimanin miliyan 20, sun fi na lokacin 'yancin kai. Bakin da ke ci ne ya ƙaru: mutum miliyan 45 a 1960, yau sun haura miliyan 200.

Ga kuma halin shanunmu. Bunaji ko Bokolo da ƙyar take ba da lita biyu a rana bayan maraƙi ya sha, da rani ma abin ya fi haka ƙaranci. Kafin Bafillatana ta kaɗa nono a gora ta tsame kilo ɗaya na mai, sai ta zuba wajen lita 20. Ka lissafa da kanka.

A Zamfara kuma akwai ƙari. Tun wajen 2011 satar shanu da 'yan bindiga suka kori rugage da yawa zuwa kudu, nonon ya bi su.